Shin ya dace a sha magungunan motsa dofamin don gyara illar maganin sanƙo?

Nasiru: Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga likitoci da masana magunguna da ke tare da mu. Sanannen abu ne cewa wasu daga cikin mazan da ke shan finasterayid, wato maganin sanƙon da aka fi sani da sunan Propecia, sukan koka da raguwar sha'awa, ko raunin gaba, ko wani irin mutuwar jiki da rashin walwala da ba su saba da shi ba. Abin da na ga ya yawaita shi ne, maimakon su ajiye maganin, sai su ɗora wani a kansa, yawanci kabargolin da ake sayarwa da sunan Dostinex, wasu kuma firamifeksol, wato Mirapex, da hujjar cewa waɗannan suna sauke furolaktin, sinadarin da yawansa kan rage wa namiji sha'awa, suna motsa dofamin, sinadarin aika saƙo a ƙwaƙwalwa, sha'awa ta dawo ba tare da mutum ya rasa gashinsa ba. Ni ma ina shan finasterayid, kuma na fara ganin canjin da ba na so. Shin wannan dabara tana da tushe a ilimi, kuma mene ne haɗarinta?

Dakta Hadiza: Wa alaikumus salam, Malam Nasiru. Bari mu fara daga abin da finasterayid ke yi a jiki, domin tun daga nan dabarar ta samu tangarɗa. Aikinsa shi ne toshe inzayim ɗin da ke juya testosteron zuwa wani sinadari mafi ƙarfi da ake taƙaita sunansa da DHT, wanda shi ne ke ƙanƙantar da saiwar gashi a kan mazan da suka gaji sanƙo. Ƙwaya ɗaya ta miligiram 1 a kullum tana sauke DHT na cikin jini da kusan kashi 70 cikin 100, testosteron da estirojin kuma su ɗan hau ba tare da sun ƙetare iyakarsu ba. Furolaktin kuwa ba ya cikin abubuwan da aka san wannan magani yana ɗagawa. Saboda haka wanda ya sha kabargolin don ya sauke furolaktin alhali bai taɓa auna shi ba, yana gyara ne a inda babu ɓarna, ya bar inda ɓarnar take.

A gwaje-gwajen da kamfanin Merck ya gabatar kafin hukumar kula da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta amince da Propecia a 1997, kashi 3.8 cikin 100 na masu shan maganin ne suka koka da wata matsala ta saduwa, a yayin da kashi 2.1 na waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta suka yi irin wannan koken. A gwaje-gwajen nan matsalar ta wuce ga waɗanda suka daina, har ma ta wuce ga da yawa cikin waɗanda suka ci gaba da sha. Mataki na farko da aka sani ke nan: a koma ga wanda ya rubuta maganin, a dakata, a ga abin da jiki zai yi.

Auwal: Ranki ya daɗe, ina ganin an taƙaita maganar fiye da kima. Ba duk masu shan kabargolin ne ke iƙirarin furolaktin ɗinsu ya hau ba. Abin da suke cewa shi ne dofamin yana da hannu kai tsaye a cikin sha'awa, kuma akwai binciken da ya goyi bayansu. A 2003 Krüger da abokan aikinsa a Jamus sun ba lafiyayyun maza goma kabargolin, suka ga sha'awa da ƙarfin saduwa sun ƙaru. A 2016 kuma an wallafa bayanan maza 131 a Amurka masu fama da wahalar inzali, waɗanda aka ba rabin miligiram sau biyu a mako, kusan biyu bisa ukunsu suka ce sun samu sauƙi. Batun lalacewar murafen zuciya da ake tsoratar da mutane da shi kuma, a jikin masu cutar karkarwar jiki ta Parkinson aka gan shi, mutanen da ke shan miligiram 3 ko fiye a kowace rana, wato sama da 20 a mako, alhali mai wannan dabara rabin miligiram ko ɗaya yake sha a mako guda. Dubban mata da maza masu ƙari a fituwitari, ƙaramar gaɓar da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa mai fitar da furolaktin, suna shan sa shekara da shekaru. In su sun zauna lafiya da shi, me zai hana wani?

Dakta Hadiza: Malam Auwal, a kan zuciya maganarka tana da nauyi, kuma ba zan musa ba. Yawancin binciken da aka yi kan masu shan ƙaramin adadi saboda furolaktin bai nuna lalacewar murafe mai tsanani ba, ko da yake ƙungiyoyin likitocin zuciya da na sinadaran jiki a Birtaniya suna ba da shawarar a ɗauki hoton zuciya na eko kafin a fara, a riƙa maimaitawa kowace shekara in adadin ya haura miligiram 2 a mako. Wanda ya sayi maganin da kansa kuwa ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Binciken biyu da ka ambata na gaskiya ne, amma a duba girmansu. Na farko mutum goma ne, a ɗakin gwaji, na ɗan lokaci, kuma bai ce komai ba game da abin da zai faru bayan wata shida. Na biyu an koma ne ga tsofaffin takardun asibiti, babu rukunin da aka ba ƙwayar da ba ta da magani don a kwatanta, kuma a fannin saduwa an daɗe da sanin cewa tsammanin sauƙi kaɗai yana kawo sauƙi ga mutane da yawa. Ba a tsara ko ɗaya daga cikinsu don masu shan finasterayid ba, kuma babu hukumar magunguna da ta amince da kabargolin ko firamifeksol don wannan aiki. Mai ƙarin fituwitari yana ɗaukar haɗarin ne saboda yana da ciwon da zai iya hana shi haihuwa, ya raunana ƙashinsa, ko ya danne jijiyar idonsa. Ma'aunin bai zama ɗaya da na mai son tsare gashi ba.

Malam Sani: A matsayina na mai harhaɗa magunguna, zan so a daina yi wa waɗannan magunguna kuɗin goro, domin gida biyu ne. Kabargolin da buromokiriftin da fagolayid sun samo asali ne daga argot, wani nau'in funfuna da ke kama hatsin rai, kuma su ne ke da alaƙa da kaurin murafen zuciya da tabo a huhu da bayan ciki, saboda kabargolin da fagolayid suna taɓa wani makarɓi, wato wurin da sinadarin serotonin ke kamawa a jiki, mai suna 5-HT2B. Bincike biyu da suka fito tare a watan Janairun 2007, na Schade da na Zanettini, su suka tabbatar da haka, kuma a watan Maris na 2007 aka janye fagolayid daga kasuwar Amurka. Firamifeksol da rofinirol, wato Requip, waɗanda aka amince da su a 1997, ba 'yan wannan gida ba ne, sai dai su nasu ciwon ya fi yawa a ɗabi'a da barci. A 1999 Frucht da abokan aikinsa sun ba da rahoton wasu masu Parkinson da barci ya sace su suna tuƙi har suka yi hatsari, takwas suna shan firamifeksol, ɗaya rofinirol, kuma biyar daga cikinsu ba su ji alamar gyangyaɗi ba kafin abin ya faru.

Abin da na fi jin tsoro a aikina shi ne haɗuwar magunguna. Duk gidajen biyu suna sauke hawan jini idan mutum ya miƙe tsaye, musamman a kwanakin farko, da jiri da tashin zuciya har da suma. Mai sanƙon yau sau da yawa yana shan minoksidil na haɗiya, wanda asalinsa maganin hawan jini ne, kuma in gabansa ya yi rauni sai ya ƙara sildenafil ko tadalafil, su ma masu buɗe jijiyoyi. Uku ke nan a jiki ɗaya suna jan jini ƙasa. Sannan kabargolin yana ɗaukar sa'o'i 63 zuwa 69 kafin rabinsa ya bar jiki, don haka wanda maganin bai karɓe shi ba zai kwana biyu yana fama bayan ya daina. Kilaritiromaisin da eritiromaisin suna ɗaga yawansa a jini, sifirofulokzasin kuma yana yi wa rofinirol haka.

Dakta Kabiru: Na gode wa Malam Sani. Ni a ɓangarena na ƙwaƙwalwa da ɗabi'a, abin da ya fi tayar mini da hankali bai shafi zuciya ko jiri ba, kuma shi ne wanda ƙanena Auwal bai taɓo ba sam. Waɗannan magunguna suna iya kwance wa mutum linzamin da yake riƙe kansa da shi. A 2010 Weintraub da abokan aikinsa sun wallafa bincike kan masu cutar Parkinson 3,090 a Amurka da Kanada, suka tarar kashi 17.1 cikin 100 na masu shan irin waɗannan magunguna sun faɗa cikin aƙalla ɗaya daga halaye huɗu, wato caca, ko sayayya ba kan gado, ko ci ba ƙaƙƙautawa, ko neman saduwa fiye da hankali, alhali a cikin waɗanda ba sa shan su adadin ya tsaya a kashi 6.9. Wani bincike na Faransa da ya bi marasa lafiya tsawon shekara biyar, wanda ya fito a 2018, ya nuna cewa kusan rabin waɗanda suka taɓa shan su sun samu irin wannan matsala a cikin wannan lokaci.

Kada a ce wannan na masu Parkinson ne masu shan adadi mai yawa. A 2019 an wallafa bincike daga Turkiyya kan mutum 308 masu ƙarin furolaktin, waɗanda ke shan ƙaramin adadin nan da Auwal ke magana a kai, aka samu matsalar a jikin kashi 17 cikin 100, ta fi yawa ga maza, kuma wuce gona da iri a sha'awa shi ne kan gaba. An kuma daɗe da lura cewa waɗanda abin ya fi kamawa su ne maza, masu ƙarancin shekaru, da masu tarihin shan taba ko barasa ko caca. In aka duba da kyau, wannan siffar ta yi kama da ta mutanen da ke neman maganin sanƙo fiye da ta tsofaffin da aka fara ganin abin a jikinsu.

Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Firamifeksol da rofinirol sun fi son makarɓin dofamin da ake kira D3, wanda ya fi yawa a sassan ƙwaƙwalwa masu kula da lada da kwaɗayi. Kent Berridge na Jami'ar Michigan ya shafe shekaru yana nuna cewa dofamin ya fi shafar azamar neman abu fiye da jin daɗinsa idan an same shi. A al'ada dofamin yakan hau idan aka samu abin da ake so, ya sauka idan aka yi asara, kuma saukar nan ita ke koya wa mutum ya janye. Magani yana riƙe makarɓin a kunne dare da rana, sai asara ta daina ciwo kamar yadda ya kamata. Shi ya sa mai caca a kan wannan magani yake rasa dukiya ya koma washegari ba tare da ya ji abin da kowa ke ji ba.

To, a lura da wannan: ƙaruwar sha'awar da mai wannan dabara ke nema, a takardar maganin an rubuta ta ne a cikin jerin illoli. Hanyar da take bi ta zo ita ce hanyar da caca da almubazzaranci ke bi, kuma maganin bai san bambanci tsakanin sha'awar iyali da sha'awar abin da zai rushe gida ba. Mafi muni, wanda abin ya kama ba ya jin kansa a matsayin marar lafiya. Yana jin ƙarfi da kuzari, yana ganin maganin ya yi aiki, kuma idan ya fara abin kunya ɓoyewa yake yi. Mai Parkinson yana da likita da iyali da aka gargaɗa su sa ido. Wanda ke sha a asirce saboda matsalar da ko matarsa bai faɗa wa ba, babu mai sa masa ido.

Hajiya Rabi: Dakta Kabiru, Allah ya saka da alheri, domin abin da ka bayyana na gan shi a cikin dangi. An rubuta wa wani ƙanen mijina ɗaya daga cikin waɗannan magunguna saboda ciwon nan da ke hana ƙafa natsuwa da dare, mutum mai kamun kai wanda ba a taɓa jin sa da wani abu ba. Sai da bashi ya yi masa katutu sannan matarsa ta gano cewa caca yake yi ta waya har asuba. Babu wanda ya kawo magani a ransa, kowa cewa yake yi halinsa ne ya canja, har sai da wani likita ya tambayi abin da yake sha. Da aka janye maganin a hankali cacar ta tsaya, amma bashin da zubewar mutuncin ba su tafi tare da ita ba. Shi ciwo ne ya kai shi, kuma likita ne ya rubuta. Ina mamakin wanda zai kai kansa saboda gashi, garin gyaran gira ya rasa ido.

Malam Sani: Hajiya, irin wannan har kotu ya kai. A 2012 kotun ɗaukaka ƙara ta birnin Rennes a Faransa ta umarci kamfanin da ke yin Requip ya biya wani mai Parkinson kusan yuro dubu 200 saboda caca da halayen saduwa da ya faɗa ciki a shekarun da takardar maganin ba ta yi gargaɗi ba. Kuma ko a ciwon ƙafar da kika ambata, ƙungiyar likitocin barci ta Amurka a sabon jagoranta ta daina ba da shawarar a sa firamifeksol da rofinirol a sahun gaba, saboda bayan shekaru sukan ƙara tsananta ciwon da aka ba da su dominsa.

Bello: Ina girmama iliminku, amma akwai abin da ke ci mini rai a irin wannan tattaunawa. Kullum ana cewa a daina finasterayid komai zai dawo. Akwai waɗanda suka daina shekaru da suka wuce, babu abin da ya dawo, kuma ni ina cikinsu. Ba mafarki muke yi ba. A 2012 hukumar FDA da kanta ta sa aka ƙara a takardar Propecia cewa matsalolin sha'awa da inzali na iya ci gaba bayan an daina, a 2022 aka ƙara batun tunanin kashe kai, a 2025 kuma hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta tabbatar da wannan tunani a matsayin illar maganin. Idan mutum ya je asibiti aka auna jininsa aka ce komai daidai ne, aka sallame shi da cewa damuwa ce kawai, ina ake so ya nufa? Ba wauta ce ke kai mutane ga kabargolin ba, rashin mai saurare ne. Ku da kuke hana mu, me kuka ba mu a madadinsa?

Dakta Kabiru: Malam Bello, Allah ya ba ka lafiya, kuma koken da ka yi a kan yadda ake sallamar mutane gaskiya ne. Abubuwa biyu suna tafiya tare a nan, kuma ɗaya bai soke ɗaya ba. A 2007 Mondaini da abokan aikinsa a Italiya sun ba maza finasterayid na miligiram 5, suka gaya wa rabi cewa zai iya taɓa saduwa, rabi kuma ba su gaya musu ba, kashi 43.6 cikin 100 na rukunin farko suka koka, na biyu kuma kashi 15.3. Tsoro yana da tasiri na gaske a jiki. A ɗaya ɓangaren kuma, inzayim ɗin da finasterayid ke toshewa yana da aiki a cikin ƙwaƙwalwa, inda yake taimakawa wajen samar da alofiregnanolon, sinadarin da ke kwantar da jijiyoyi ta makarɓin GABA, kuma a nan masu bincike da yawa suke neman bayanin irin halin da kake ciki. Wanda ya ce duk tunani ne kawai ya wuce abin da hujja ta ba shi.

Amma daidai saboda abin da ka faɗa game da baƙin ciki da tunanin kashe kai ne nake ganin kai da ire-irenka kun fi kowa buƙatar nisantar waɗannan magunguna. A 2010 Rabinak da Nirenberg sun bayyana wahalar da ke biyo bayan janye su: fargaba mai tsanani, firgita, baƙin ciki, gumi, jiri, ciwon jiki, rashin barci, da ƙishirwar komawa ga maganin. A cikin marasa lafiyarsu da aka rage wa maganin, kusan ɗaya cikin biyar ne ya same ta, kuma duk waɗanda ta kama sun riga sun nuna matsalar riƙe kai tun suna kan sha. Ga wasu takan wuce cikin makonni, ga wasu takan daɗe har su kasa rabuwa da maganin, kuma har yau babu wani magani da aka tabbatar yana warkar da ita. Ka ɗora wannan a kan mutumin da dama yake cikin ƙunci. Bayan haka magungunan suna iya tayar da gane-gane da jiye-jiye, ko zumuɗin da ya wuce hankali, ga mai tarihin taɓin ƙwaƙwalwa a kansa ko a danginsa.

Abin da za a iya yi maka a fili yake, ko da bai kai yadda kake so ba. A auna testosteron da safe, da furolaktin, da sinadarin maƙoshi, da sukari, a binciki barcinka, a duba sauran magungunan da kake sha, domin magungunan baƙin ciki na rukunin SSRI su ma suna kashe sha'awa. Raunin gaba yana da magungunansa da aka gwada tun 1998. Baƙin cikin kuma a yi maganinsa a matsayin ciwo mai zaman kansa, ko mene ne ya jawo shi, kuma akwai irin su bufurofiyon da ba su cika taɓa saduwa ba, waɗanda likita zai duba ko sun dace da kai.

Auwal: Na ji, kuma batun caca ya fi ƙarfin yadda na ɗauka a kan ƙaramin adadi. Duk da haka kashi 17 na nufin kashi 83 ba su samu komai ba. Baligi mai hankali, wanda aka gaya wa haɗarin, ya sha rubu'in miligiram na wata biyu kawai, ba shi da ikon zaɓa wa kansa?

Dakta Hadiza: Yana da iko, Malam Auwal, amma zaɓi yana buƙatar a san abin da ke kowane gefe na sikeli, kuma a nan gefen haɗari ne kawai aka auna, gefen amfani ga mai shan finasterayid babu wanda ya auna shi. An taɓa gwada wannan tunani a fili. Afomofin, wanda shi ma mai motsa dofamin ne, an amince da shi a Turai a 2001 da sunan Uprima don raunin gaba, ana sa shi a ƙarƙashin harshe. Bai yi ƙarko a kasuwa ba, saboda amfaninsa bai kai na sildenafil ba, ga tashin zuciya da suma, a Amurka ma ba a kai ga amincewa da shi ba. Sannan wata biyun da ka ce, me zai biyo bayansa? In yana ci gaba da finasterayid, dalilin matsalar na nan, don haka ko dai ya ci gaba da kabargolin ba iyaka, ko ya koma inda ya fara.

Akwai inda kabargolin ke da wuri, kuma ina rubuta shi da hannuna. Idan aka auna furolaktin aka same shi sama, sai a maimaita cikin natsuwa, domin fargabar allura da saduwa da motsa jiki mai tsanani duk suna ɗaga shi na ɗan lokaci. Sai a tambayi magunguna: metokulofiramayid na tashin zuciya, risferidon da haloferidol, da dangin ofiyom irin su taramadol da kodin, duk suna ɗaga shi, kuma dangin ofiyom suna sauke testosteron. Sai a duba maƙoshi da ƙoda. In ya ci gaba da zama sama ba tare da dalili ba, sai a ɗauki hoton MRI na fituwitari. Wanda ya riga ya fara sha da kansa ya ɓata duk wannan, domin awon zai fito ƙasa, kuma in akwai ƙari an rufe alamarsa ba a san girmansa ba. Sauke furolaktin ƙasa da kima ma ba riba ba ce, tunda binciken Corona da abokan aikinsa a Italiya ya danganta ƙarancinsa a jikin maza da raunin gaba da saurin inzali.

Nasiru: Dakta, to rage finasterayid ɗin fa, ko komawa na shafawa, ko ɗan'uwansa dutasterayid?

Malam Sani: Ragewa ana yi, amma kada a sa rai da yawa, domin miligiram 0.2, wanda Japan ta amince da shi tare da na miligiram 1, yana sauke DHT kusan daidai da cikakken adadin. Wasu duk da haka sukan ji sauƙi. Na shafawa yana shiga jini ƙasa da na haɗiya, amma yana shiga, kuma a watan Afrilun 2025 hukumar FDA ta yi gargaɗi cewa ta samu rahoton irin illolin nan daga masu amfani da wanda ake haɗawa a shagunan magani. Dutasterayid kuwa ƙara gaba ne, ba ja da baya ba, saboda yana sauke DHT da kashi 90 ko fiye, kuma rabinsa yana ɗaukar kusan mako biyar kafin ya fita, alhali finasterayid sa'o'i kaɗan ne. Minoksidil na shafawa, wanda ake amfani da shi tun 1988, ba ya taɓa waɗannan sinadarai, kuma akwai dashen gashi. Gashin da finasterayid ya riƙe ba ya zubewa a rana ɗaya, cikin kusan shekara guda yake komawa yadda zai kasance, don haka dakatawar 'yan makonni don a ga yadda jiki zai yi ba za ta kwashe maka komai ba. Ka kuma gaya wa duk likitan da zai auna maka PSA, awon jinin da ake yi don binciken mafitsarar maniyyi (prostate), cewa kana shan sa, domin yana rage sakamakon da kusan rabi.

Jamilu: Ni na riga na fara firamifeksol da kaina watanni da suka wuce. Da na gwada dainawa sai fargaba da gumi suka hana ni barci, na koma sha. Yaya zan yi?

Dakta Kabiru: Ƙanena Jamilu, kada ka sake yanke shi lokaci ɗaya, kuma kada ka ƙara adadin. Ka je wurin likitan ƙwaƙwalwa ko na jijiyoyi cikin wannan makon da kwalin maganin a hannunka, ka faɗa masa adadin da kake sha da tsawon lokacin da dalilin da ya sa ka fara, ba tare da ka rage komai ba, domin da wannan zai tsara maka yadda za a riƙa saukewa kaɗan kaɗan. Zai so ya duba ƙodarka, tunda ta nan firamifeksol ke fita. Ka zaɓi mutum ɗaya da ka amince da shi, matarka ko ɗan'uwanka, ka gaya masa, ka ba shi damar duba yadda kake kashe kuɗi da yadda kake kwana, saboda shi zai riga ka ganin canji. In kana jin barci da rana, ka ajiye tuƙi har sai an gama. In kuma tunanin cutar da kanka ya zo maka, ko da sau ɗaya ne, ka tafi sashen gaggawa a ranar, kada ka jira ranar da aka ba ka.